Ranar da Nasara Ya Ɗauke Bariki Daga Damagaram

A taron ƙungiya na watan jiya gardama ta tashi, wani saurayi ya ce tun asali Hausawa da Zabarmawa ba su ga maciji da juna. Dattawa suka tsawata masa, amma ba wanda ya faɗa masa inda maganar ta samo tushe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihi.

Da farko dai, ba Nasara ya kawo yaƙi ƙasar nan ba. Kakanninmu na Maraɗi sun daɗe suna ɗauki ba daɗi da Sakkwato, Damagaram kuma ta kai wa Kano hari. To amma waɗannan yaƙe-yaƙen sarauta ne, Bahaushe da Bahaushe ma sun gwabza. Ba mu taɓa jin an yi ganga an ce a fito a yaƙi Zabarmawa don harshensu ba. Bagobiri da Bazabarme ma abokan wasa ne.

Da Faransawa suka shigo, wutarsu ba ta zaɓi kowa ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogi, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, kuma a wannan shekara Damagaram ta faɗi. A 1906 mutanen Karma suka yi bore, ga kuma Alfa Saibu da jama'arsa a Kobkitanda cikin ƙasar Doso. Waɗannan mutanen yamma ne, jininsu ya zuba kamar namu. Wanda ya ce duk Zabarmawa sun bi Nasara bai san wannan ba.

A cikin 1906 ɗin nan ne aka zargi Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa da ƙulla makirci, aka tuɓe shi, aka kai shi ƙasar Kodibuwa. Sai 1923 aka maido da sarautar. Daga nan Faransawa ba su ƙara sakin jiki da mutanen gabas ba. Suna kallon mu a matsayin mutanen da zuciyarsu ke Kano da Katsina: can fataucinmu yake, can malamanmu, can surukanmu, kuma can Ingilishi ke mulki. Duk da haka Damagaram ce babban birni tun 1911. A 1926, zamanin Gwamna Brévié, aka kwashe bariki aka kai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. An ce ƙarancin ruwa ne dalili, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu a Damagaram ba zai musa ba. Sai dai ruwa ba shi kaɗai ba ne. Yamai ƙaramin gari ce a lokacin, babu babban sarki da zai yi wa kumandan gardama, ga ta nesa da Kano, ga hanya zuwa Dahome.

Nan ne abin ya yi saiwa. Inda bariki yake, nan lakwal take, nan ake ɗaukar tafinta da magatakarda da soja. Yaron da aka haifa kusa da Yamai ko Doso yana ganin amfanin takarda da idonsa. Mu kuwa, a faɗi gaskiya, iyayenmu ɓoye yara suka riƙa yi in an zo neman 'yan lakwal, wasu sarakuna su tura 'ya'yan bayinsu. Nasara bai damu ba, don abin da yake so daga gare mu gyaɗa ce da lanho da aikin tilas. Guraben da suka saura ya cika su da mutanen Dahome da Togo. A ƙarshen 1963, da rigima ta ɓarke kan tsibirin Lete, aka kori ma'aikatan Dahome daga Nijar. Su ma kujerar da Nasara ya ba su ce ta jawo masu.

Kada kuma a ɗauka talakan yamma ya ci wata riba. A yunwar 1931 fara ta cinye hatsi a ƙasar Zabarma, jama'a na mutuwa, ana ci gaba da karɓar lanho.

Da siyasa ta zo, 'yan bokon da ke akwai su suka hau gaba. Diori Hamani da Bubu Hama malaman lakwal ne. Djibo Bakari na Sawaba shi ma Bazabarme ne, amma ƙarfinsa na cikin garuruwan Hausa, irin su Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Wannan ya isa shaida cewa talaka ba harshe yake dubawa ba. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce a'a, Faransa ta turo Gwamna Colombani ya tsaya sai da i ta yi rinjaye, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Daga samun 'yancin kai a 1960 har 1993, shugabanni uku a jere, Diori da Kunce da Ali Saibu, duk mutanen yamma ne, biyun ƙarshe kuma sojoji ne da suka fara aiki a rundunar Faransa. Sai a 1993 Mahamman Usman, ɗan Damagaram, ya ci zaɓe.

Abzinawa nasu ya fi namu ɗaci. Bayan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 an karya su, aka bar arewa ba lakwal ba hanya. Bayan kashe-kashen Cintabaraden a 1990 tawaye ya tashi, sai ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan sulhu.

Muna roƙon dattawan da suka ga zamanin kumandan su ba sakataren ƙungiya labarin yadda aka ɗauki 'yan lakwal na farko a garinmu, da sunan sarkin da ke kan gado a lokacin, don mu buga a fitowa ta gaba.