Kuɗin Udoji da Tsadar Kaya a Nijeriya, 1973 zuwa 1975

Kuɗi ba shi haifar da dukiya sai ya tarar da gona da masaƙa a shirye. Tarihin ƙasarmu ya isa shaida.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959, aka ɗora masa nauyin kula da yawan kuɗin da ke yawo a hannun jama'a. Naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973. Daga ƙarshen wannan shekara zuwa farkon 1974 farashin gangar mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa wajen dala 12. Dalolin nan gwamnati suke shigo wa, Babban Banki ya musanya mata su da naira, ita kuwa ta kashe. Ta haka naira ta yawaita ba tare da an ƙara ko buhun gero ɗaya ba.

Sai ga rahoton Hukumar Jerome Udoji a 1974. Gwamnatin Janar Gowon ta ƙara albashi, na ƙananan ma'aikata har ya ninka, aka biya su bashin watanni a dunƙule a farkon 1975. Kowa ya nufi kasuwa da kuɗi a aljihu. Amma noma yana jiran damina, ga shi fari ya riga ya kassara Arewa. Masana'antu na jiran kayan gyara daga Turai, alhali jiragen ruwa ɗaruruwa, yawancinsu ɗauke da siminti, sun toshe tashar Legas. Kuɗi ya yi yawa, kaya sun yi kaɗan, farashi ya hau da kimanin kashi 34 cikin 100 a 1975.

To, me ya hana Babban Banki taka wa abin birki? Na farko, ba shi da ikon ƙin biyan bukatar gwamnati. Na biyu, an ƙayyade kuɗin ruwa ƙasa da hauhawar farashi, har mai ajiya a banki ya zama mai hasara. Na uku, akasarin manoma da fatake ba su hulɗa da banki, saboda haka umarninsa bai kai gare su ba.

Wanda ya biya wannan bashi shi ne talakan da bai karɓi Udoji ba, amma ya sayi hatsi a farashin Udoji. A ƙasa mai tasowa, ƙarin kuɗi yana riga ƙarin kaya isa kasuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsada.