Kumfar da Ta Tashi a Tokyo

A shekarar 1967, Akira Fujishima yana ɗalibin babban digiri a Jami'ar Tokyo, a hannun malaminsa Kenichi Honda. Ya tsoma ɗan gutsuren sinadarin taitaniyam dayoksaid cikin ruwa, ya haɗa shi da ƙarfen filatinam ta waya, ya dalle shi da fitila mai ƙarfi. Sai ga ƙananan kumfa na tasowa daga jikinsa. Da aka auna, iskar oksijin ce, ɓangaren filatinam kuma haidirojin yake fitarwa. Haske ya raba ruwa gida biyu, sinadarin ko ƙwarzane bai yi ba.

Sinadarin ba wani baƙon abu ba ne, shi ke sa fenti ya yi fari fat. Yana cikin dangin samikwandakta, waɗanda lantarki ba ya ratsa su sai an zaburar da su, haske kuwa ya iya wannan aikin.

Da farko masana sun yi kunnen uwar shegu da maganar. Mujallar Nature ta buga binciken a 1972, amma rikicin mai na 1973 ne ya fito da shi fili, don Japan kusan duk man da take ƙonawa daga waje take sayowa, haidirojin kuwa makamashi ne. Ranar 1 ga Janairu 1974 jaridar Asahi Shimbun ta ɗora labarin a shafin farko.

Fujishima ya shimfiɗa farantan sinadarin a kan rufin gini don ya ga iyakar abin. Kowace murabba'in mita ta ba shi kimanin lita 7 ta haidirojin a yini, wato kashi 0.3 cikin ɗari na ƙarfin rana. Sinadarin dai hasken ultrabayolet kaɗai yake sha, shi kuwa ɗan kaɗan ne cikin abin da rana ke zubowa. Wannan ba zai tuƙa mota ba. Sai ya karkata ga wata baiwar sinadarin, ta ruguza datti da ƙwayoyin cuta, inda kamfanin TOTO ya shiga yin tayil mai tsabtace kansa. A nan kasuwa ta buɗe.

Masu neman makamashi dai ba su haƙura ba. A 1998 John Turner da abokin aikinsa a Amurka suka kai kashi 12.4 da sinadaran galiyam, sai dai suna da tsada, ruwan kuma yana cinye su. A 2021 tawagar Kazunari Domen ta ba da rahoton farantai masu faɗin murabba'in mita 100 da suka yi watanni suna aiki a sarari a Japan, da hodar sitirontiyam taitanet mai arha da juriya. Mafi yawan abin da suka samu kashi 0.76 ne.