Ɗaliban Berkeley da Karatun Kaɗaici

A shekarar 1975, wani matashin malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya damu da yawan faɗuwar ɗalibai baƙar fata a darasin kalkulas. Malamai na da amsa a baki: talauci, raunin sakandare, rashin himma. Bai gamsu ba. Sai ya bibiyi ɗalibai baƙar fata 20 da 'yan asalin Sin 20, har ɗakunan kwanansu.

Himma dai kowa na da ita. Amma baƙaƙen fatar, galibinsu kowa kan rufe ƙofa ya yi fama da littafi shi kaɗai. 'Yan Sin kuwa sukan haɗu da yamma, su ci abinci tare, su gyara wa juna kurakurai. Ɗalibin da ya ga tambaya ta gagari abokansa ma, ba zai zargi ƙwaƙwalwarsa ba.

A 1978 Treisman ya buɗe zauren aikin rukuni. Bai kira shi ajin masu rauni ba, sunan da zai kori mai zuciya. Tambayoyi masu tsauri ya ɗora musu. Faɗuwa ta ragu ƙwarai, wasu jami'o'in Amurka kuma suka ari tsarin.