Bawul, Ƙwai ko Fitila: Sunayen Kwalbar da ke Cikin Tsohon Rediyo

Duk wanda ya taɓa kwance bayan tsohon akwatin rediyo, irin na katako da kakanninmu suka saya kafin tiransista ta cika kasuwa, ya ga waɗansu 'yan kwalabe tsaye a jere, kowace da ƙafafun ƙarfe soke cikin gurbinta. In an kunna, sai sun yi ja daga ciki sun ɗauki zafi kafin murya ta fito. Aikinsu su karɓi siririyar murya su ƙara mata ƙarfi har ta cika zaure, ko ta cika fili in amfilifayar lasifika ce. Ta cikinsu mutane da yawa a Birnin Kebbi, Argungu, Gwandu da Jega suka fara jin Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna na 1962, da muryar Narambaɗa da ta Ɗanƙwairo. Yaya sunan wannan kwalba da Hausa, kuma wanne ne sunanta na gaskiya cikin rubuce-rubucen da ke jikinta?

Mai gyaran da ya koyi sana'a ta hannun Ingilishi bawul yake cewa. Sunan ya fito ne daga John Ambrose Fleming, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro na farko a 1904. Ya lura cewa wuta na wucewa ta cikinsa ta fuska ɗaya, ba ta komawa baya, kamar yadda bawul ɗin taya ke barin iska ta shiga ya hana ta fita. Amurkawa ba su dubi aikinsa ba, siffarsa suka duba, suka ce masa tub. A bakin Bahaushe kuwa kalmomin nan biyu duk mai faci ya riga ya mallake su: tub na cikin taya, bawul na bakin tub. Shi ya sa in ka shiga kasuwa ka ce kana neman bawul ba ka ƙara komai ba, wurin masu kayan babur za a nuna maka. Faransawa sukan ce masa fitila, haka ma Rashawa, saboda haka wanda ya koyi gyara a tsallaken iyakar Kamba, a Gaya ko Dosso, da wannan sunan ya tarar da shi a littafi.

Wanda bai san gyara ba, da ya gan shi zai ce ƙwai ne, don ya yi kama da ƙwan lantarki. Kada a raina wannan suna, yana da tushe a tarihi. Tun farkon shekarun 1880 Thomas Edison ya ga cewa in aka sa wani ɗan ƙarfe cikin ƙwan lantarki da aka zuƙe wa iska, wuta na tsallakowa daga zaren da ya yi ja zuwa ƙarfen. Fleming, wanda ya yi wa kamfanin Edison aiki a Landan, a kan wannan ya gina nasa. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya sa 'yar raga tsakanin zaren da ƙarfen nan, wato faranti, sai ya zama ƙaramar wuta a kan ragar na iya juya babbar wuta da ke wucewa. Daga nan aka sami ƙara wa murya ƙarfi. Ashe ƙwai asalinsa ne, bawul aikinsa. Ni dai bawul ɗin rediyo na zaɓa, domin shi ne ke kai mai koyo ga littattafan da aka yi gyara da su a ƙasar nan.

Suna na biyu shi ne haruffa da lambobin da ke jikin gilashin: EL84, ECC83, EF89, EZ80. Da yawa sun ɗauka lambar kaya ce kawai, irin wadda ɗan kasuwa ke rubutawa a kwali. Alhali kowane harafi magana yake. Kamfanonin Turai, musamman Philips na Holan da Mullard na Ingila wanda Philips ya mallake tun 1927, sun fara aiki da wannan tsari a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu aka kafa bikin kamun kifi yadda muka san shi.

Harafin farko na faɗin irin wutar da zaren ɗumama ke ci. E na nufin bolt 6.3, G bolt 5, D kuwa bolt 1.4, wato na batir. Wannan D ɗin ya fi shafarmu, domin a shekarun 1950 akasarin garuruwan kwarin Rima ba su da lantarki, rediyo mai batir ne ya fi dacewa da su. In ka buɗe akwati ka ga DK96, DF96, DAF96 da DL96, ka san an ƙera shi ne don gidan da babu waya. U da P na waɗanda ake jera zarensu kan igiya ɗaya ne, U a ƙananan rediyo marasa taransifoma, P galibi a talabijin.

Haruffan da ke biye na faɗin abin da ke ciki. C mai sassa uku ne, irin na de Forest. F mai sassa biyar ne na ƙaramar murya, L mai sassa biyar na ƙarfi, wanda ke tura lasifika. Y da Z masu miƙe wuta ne, su mayar da mai kai-da-komo ta zama mai tafiya hanya ɗaya. M shi ne koren idon nan da ke gaban akwati, mai tsukewa in ka kama tasha daidai. Lambar ƙarshe kuma na nuna irin gindinsa: talatin da wani abu mai ƙafa takwas ne da 'yar sanda a tsakiya, tamanin da wani abu mai ƙafa tara ne da gindin gilashi, casa'in da wani abu mai ƙafa bakwai. To, karanta ECC83: bolt 6.3, masu sassa uku guda biyu a kwalba ɗaya, ƙafa tara. EL34: bolt 6.3, na ƙarfi, ƙafa takwas. Wanda ya riƙe wannan zai gane aikin bawul ɗin da bai taɓa gani ba, kuma ba zai soka UL84 a gurbin EL84 don ya ga lamba ɗaya ba, tunda zaren UL84 bolt 45 yake nema.

Amurkawa nasu tsarin daban. Suna farawa da lambar bolt, su ƙare da adadin sassan ciki, haruffan tsakiya kuwa bin layi ne kawai. Shi ya sa bawul ɗaya ke yawo da sunaye biyu: ECC83 shi ne 12AX7, EL84 shi ne 6BQ5, GZ34 shi ne 5AR4. Mai lura zai tsaya a kan na farko ya ce, yaya Turai ta ce bolt 6.3, Amurka ta ce 12? Duka gaskiya suka faɗa. Zarensa rabi biyu ne; in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa 6.3 ne, in ka jera su bi da bi 12.6. Sojan Birtaniya ma sun ƙara nasu suna mai farawa da CV, inda CV4004 yake ECC83 ne da aka ƙarfafa don ya jure girgiza. Kamfanin Marconi-Osram na da KT66 na 1937, wanda ya fito don ya kara da 6L6 da RCA ta fitar a 1936. Na Tarayyar Sobiyet kuma da haruffan Rasha suke zuwa: 6P14P ɗan'uwan EL84 ne, amma 6N2P, duk da ya yi kusa da ECC83 a aiki, haɗin zarensa daban ne, ba a musanya su sai an sake waya.

Sai suna na uku, wanda ya fi kowanne girma a jikin gilashi kuma ya fi kowanne yaudara: tambarin kamfani da aka buga da farin fenti ko ruwan ɗorawa. Wannan sunan mai sayarwa ne, ba lalle na maƙeri ba. Masana'anta ɗaya takan ƙera dubbai, a buga wa waɗansu Mullard, waɗansu Philips, waɗansu Valvo ko Amperex, waɗansu ma sunan kamfanin rediyon da ya saye su. Tambarin fenti riga ce, kowa na iya arowa ya sa. Amma akwai wani rubutu da ya zama kamar zanen Kabawa a fuska, wanda aka yi tun ranar suna, ba ya wankuwa. Ɗaga bawul ɗin Turai ka juya shi a hasken rana, ka dubi ƙasa kusa da ƙafafu. Za ka ga waɗansu ƙananan haruffa masu launin toka, layi biyu, da aka ci gilashin da su.

A ganina nan ne sunan gaskiya yake. Layin sama na faɗin irin bawul ɗin da zubinsa na nawa: xf1 zuwa xf4 duk EL34 ne, I61 da I63 kuma ECC83. Layin ƙasa na faɗin gari da lokaci. Alamar farko ta masana'anta ce: B Blackburn ce ta Ingila, wadda aka buɗe a 1938, R Mitcham, D Hamburg ta Jamus, L Brussels, 'yar alama mai kusurwa uku kuwa Heerlen ta Holan. Sai lamba ɗaya, ƙarshen shekara. Sai harafin wata, A Janairu har L Disamba. Tun wajen 1960 aka ƙara lambar mako. In ka ga xf2 a sama, B6C2 a ƙasa, EL34 ne na Blackburn, mako na biyu na watan Maris, shekara mai ƙarewa da 6.

Wace shekara ke nan, 1956, 1966 ko 1976? Lamba ɗaya ba ta raba gardama, sai an haɗa da sauran shaidu. Alamomi huɗu sun kawar da 1956, domin a lokacin uku ake sawa. Zubin xf2 kuma ya ƙare tun farkon shekarun 1970, saboda haka 1966 ce. Haka ake yi da kowanne: a dubi tsawon faranti da launinsa, a dubi siffar ɗan ƙarfen da ke sama, wanda a tsofaffi yakan zo mai kusurwa huɗu ko kamar harafin D, daga baya ya koma zobe. Daga wannan ƙarfen aka fesa baƙin madubin nan na saman gilashi, wanda aikinsa shanye ragowar iska. Muddin yana ƙyalli, kwalbar ba ta sha iska ba. Da ka ga ya koma fari kamar alli, bawul ya mutu, kowane suna ke jikinsa.

Na Amurka lambar maƙeri suke ɗauka: 274 RCA, 188 General Electric, 312 Sylvania, 322 Tung-Sol, sannan shekara da mako, kamar 58-26. Telefunken na Jamus kuma 'yar alama ce mai siffar lu'ulu'u da aka zuba cikin gilashin gindi tsakanin ƙafafu.

Abin da ya sa wannan karatu ya wuce sha'awa shi ne, bawul bai mutu a duniya ba. An ƙirƙiro tiransista a 1947, ta kore shi daga gidaje, har amfilifayoyin masallatanmu yau duk nata ne. Amma makaɗan jita da masu son sauti mai taushi sun ƙi rabuwa da shi. Har yanzu ana ƙera sabo a Saratov ta Rasha, da Slobakiya, da Sin. Masana'antar Saratov ma na fitar da bawul da sunan Mullard da na Tung-Sol, domin wani kamfanin Amurka ya sayi sunayen. Wannan halal ne, tunda suna rubuta ƙasar da aka yi shi. Haram ɗin shi ne na masu goge sabo su buga masa tsohon tambari, don sun san na Blackburn da Heerlen ya ninka sabo kuɗi. Wanda ya iya karanta tokar nan ta ƙasa ba a yi masa wannan. Haka kuma ba a sayen nasa da kuɗin gwangwani.

Wannan na ƙarshe ne ya fi damuna. Tsofaffin akwatunan rediyo da amfilifayoyin majigi na ƙarewa a hannun 'yan jari-bola, a fasa su don jan ƙarfen taransifoma, gilashin kuma a tattake. Tare da su ake zubar da shaidar shekarar da murya daga nesa ta fara shiga gidajenmu, da ƙasar da kayan suka fito. Akwatin da sarki ko alƙali ko ɗan kasuwa ya saurari labarin samun 'yancin 1960 da shi ya cancanci wuri a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, kuma ɗaliban lantarki na Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi za su ƙaru ƙwarai in suka zauna da tsofaffin masu gyara suka rubuta sunayen da suke kiran kowane sashe, tun suna raye.

In akwai irin wannan akwati a gidanku, kada ku yi gaggawar jona shi da wuta, kada kuma ku sa hannu ciki bayan an kunna, domin irin wannan amfilifaya na aiki da bolt ɗari uku zuwa sama, kuma tana riƙe wuta ko an zare waya. Ku kama bawul ta gindi ku girgiza a hankali kafin ku zare. Ku kaɗe ƙurar hunturu da busasshen burushi mai laushi. Jiƙaƙƙen tsumma na tafiya da fentin a shafa ɗaya. Sannan ku ɗauki biro ku rubuta lambar da ke jiki, da tambarin, da layi biyun nan na ƙasa, da gurbin da kuka ciro shi, kafin ku bari kowa ya yi masa kuɗi.