Auna Ingancin Bayanin Kayan Aiki ga Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira: Misali daga Unguwar Rimi, Kaduna

Tsakure

Wakilin ƙirƙirarriyar basira ba ya ganin cikin manhajar da yake kira, wato kayan aikinsa. Abin da ke gabansa shi ne sunanta, ɗan gajeren bayaninta, da guraben da zai cike. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa karanta bayanin kaɗai ba ya nuna ingancinsa, sai an jarraba shi da buƙatu kamar yadda mutane ke furta su. An ɗauki sayen wuta a Unguwar Rimi a matsayin misali.

Ayyukan da suka gabata

A 2023 masu bincike na kamfanin Meta suka fitar da Toolformer, inda suka nuna cewa samfurin harshe zai iya koyon kiran manhajoji da kansa. A watan Yunin shekarar OpenAI ya buɗe wa masu haɗa manhaja wannan hanya, sannan a Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP ta haɗa samfura da kayan aiki. Ma'aunai ma sun fito: ToolBench ya tattara manhajoji sama da 16,000, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma ta kafa allon gasa na kiran kayan aiki. Sai dai waɗannan ma'aunai samfurin suke yi wa jarrabawa, bayanin kuwa ana ɗaukarsa yadda aka same shi. Ga kuma mafi yawan tambayoyinsu da Turanci.

Misalin sayen wuta

A ɗauka magidanci a Unguwar Rimi ya ce wa wakili a wayarsa: "Sa min wutar dubu biyar." Kafin lambobi 20 na katin wuta su iso masa daga Kaduna Electric, dole wakilin ya cike lambar mita, nau'in mitar, da adadin kuɗi. Gurbin kuɗin ne ya fi haɗari. Wasu hanyoyin biyan kuɗi a Najeriya, irin su Paystack, da kwabo suke karɓar adadi, kuma sun faɗi hakan a takardunsu. Idan mai rubuta bayanin kayan aikin ya tsaya a kan "adadin kuɗi", wakilin zai iya tura 5000, a sayi wutar naira hamsin. Babu ƙararrawar da za ta buga, domin 5000 lamba ce halattacciya a tsarin JSON da ake cike guraben da shi. Magidancin ne zai gane, lokacin da fanka ta tsaya cikin dare.

Idan kayan aikin yana da gurbin adireshi, shi ma ba a baya yake ba. Akwai Unguwar Rimi a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, akwai wata a Zangon Kataf, duk a jiha guda. Bayanin da bai umarci wakili ya nemi ƙaramar hukuma ba ya bar shi da canke.

Hanyar aunawa

Shawarar wannan maƙala ita ce a juya tsarin da aka saba: a riƙe samfuri guda, a riƙa sauya bayanin. Za a tattara buƙatu daga bakin masu shagunan POS da abokan cinikinsu, da Hausarsu mai surki da Turanci, ba tare da an gyara ba. Kowace buƙata a gwada ta da bayani cikakke, sannan a cire jimla ɗaya a sake. Jimlar da cire ta bai sauya komai ba, lodi ce kawai. Wadda cire ta ya rikita sakamako, ita ke ɗauke da aikin.

Abin da za a ƙirga ya haɗa da zaɓen kayan aikin da ya dace da kuma cike gurabe daidai. Amma a ganin marubucin, ma'aunin da ya fi nauyi shi ne sau nawa wakilin ya dakata ya yi tambaya a inda ya kamata. Yaron da aka aika kasuwa ya dawo ya ce "wane iri?" ya fi wanda ya sayo abin da ba a aike shi ba, musamman a nan, tunda katin da aka saya wa wata mita ba ya shiga wata. Saboda haka dole a sanya buƙatu masu giɓi da gangan cikin gwajin, kamar wadda ba ta ambaci lambar mita ba, ko ta gidan haya mai mita biyu, kuma a ba kuskuren da ke cin kuɗi maki mafi tsanani fiye da wanda ke ɓata lokaci kawai.