Bindigar Han Solo da takobin Adar: me mai tara kayan kwaikwayo yake saye?

A watan Agustan 2022, kamfanin gwanjo na Rock Island da ke Amurka ya sayar da wata ƙaramar bindiga a kan dala 1,057,500, wato sama da miliyan 600 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Ba wani sarki ko janar ne ya taɓa riƙe ta ba. Darajarta ita ce an danganta ta da Harrison Ford, ɗan wasan da ya fito a matsayin Han Solo a fim ɗin Star Wars na 1977. Tun da mai wannan kuɗin ba shi da yawa, sai kasuwar bindigogin kwaikwayo ta buɗe, ana ƙera masu kama da ta fim sak don masu sha'awar tarawa su jera a ɗaki. Wannan sha'awa ta fara leƙo mu ta wayar hannu, inda matasa ke ganin hotunan kayan a intanet suna tambayar wacce ta fi. Ni dai a ganina, ɗan Madawa ko Buza ko Keita da ke son irin wannan kaya yana da tambayar da ya kamata ya fara yi kafin ta farashi: mene ne asalin abin da ake kwaikwayo?

Mu fara da ita bindigar. Fim ɗin yana ba da labarin wasu duniyoyi masu nisa da jiragen sama jannati, amma bindigar da ke ɗaure a cinyar jarumin tsohuwar Bajamushiya ce, Mauser C96, wadda aka fara ƙerawa a garin Oberndorf a 1896. Ana gane ta da gidan harsashinta da ke gaban kunama, da mariƙinta mai kama da ƙotar fartanya. Kuɗin fim ɗin bai wuce dala miliyan 11 ba, don haka masu shirya shi suka je gidan hayar makamai na Bapty a Landan suka ɗauko tsofaffin bindigogi, suka liƙa musu madubin hange da guntayen ƙarafa. Sojojin nan masu fararen sulke kuwa bindigar Sterling aka ba su, wadda sojan Ingila ya fara riƙewa a shekarun 1950. Haka aka yi a fim ɗin Blade Runner na 1982, inda aka haɗa sassan doguwar bindigar Steyr ta ƙasar Ostiriya da ƙaramar bindigar Charter Arms ta Amurka, da kuma Aliens na 1986, wanda cikin bindigarsa tsohuwar Thompson ce ta zamanin yaƙin duniya na biyu. Ashe makamin gobe da ake nuna mana na jiya ne aka yi wa kwalliya.

Shekarar 1896 kuwa ba baƙuwa ba ce a tarihin ƙasashenmu. Winston Churchill, yana ƙaramin hafsa, irin wannan Mauser ɗin ya riƙe a yaƙin Omdurman na 1898, ranar da sojan Ingila suka karkashe dubban mabiya Mahadi a Sudan. Shekara ɗaya bayan haka rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta yamma. Ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilun 1899, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta wuce gabas tana ƙone garuruwa, har sojojinsu da kansu suka kashe jagororin biyu a wajajen Maijirgi a watan Yuli. A 1901 kuma aka gwabza a Galma, nan cikin ƙasar Madawa, inda Abzinawan Kel Gres suka tari Faransawa da takobi da mashi da garkuwar fata, aka karya su da ruwan harsashi. Sojan Faransa na wancan zamani bindigogin Gras da Lebel yake riƙewa, ba Mauser ba, amma duk 'ya'yan zamani ɗaya ne, zamanin da masana'antun Turai suka samar da makamin da ke ɗura harsashi da sauri fiye da yadda doki ke cin zango. Wanda ya rataye kwafin bindigar Han Solo a bangon ɗakinsa a Madawa, ya rataye 'yar'uwar makamin da ya canza mulkin Adar da Gobir Tudu. Ban ce kada ya rataya ba, amma ya san abin da ke bangonsa.

Sa'annan kwaikwayon makami ba Turawan fim suka fara shi ba, maƙeranmu sun daɗe a kansa. Takobin da Abzinawa da mahayan Hausa ke ratayawa, tsofaffin ruwansa da yawa daga Turai suka zo, musamman daga Solingen ta Jamus da arewacin Italiya, suka ƙetaro hamada ta hannun fatake. Irin waɗannan ruwan takubba suna ɗauke da tambarin maƙeransu, kamar hoton kerkeci a guje ko jinjirin wata mai fuskar mutum. Da masu saye suka ɗauki tambarin a matsayin shaidar ƙarfe mai kyau, har ma da wani asiri, sai maƙeran gida suka shiga zana shi a kan nasu. Daga baya, da tsohon ƙarfen mota ya samu, aka riƙa buga ruwan takobi da shi, jinjirin watan nan kuma yana nan bai gushe ba. Yau mai tara takubba a Turai yana zama da madubi yana bambance tambarin asali da na kwaikwayo, kuma masu ilimi a cikinsu ba sa raina na biyun, domin shi ma aikin hannu ne mai tarihinsa. Abin da ke ɓata ciniki shi ne a sayar maka da na jiya da sunan na kaka da kakanni.

Wannan ita ce ƙa'idar farko da zan ba mai zaɓen bindigar fim: kwaikwayo daban, jabu daban. Kayan sun kasu kashi-kashi. Akwai wadda aka yi aiki da ita a fim ɗin kanta, ita ma iri biyu ce: ta ƙarfe da ake nunawa kusa da kyamara, da ta roba da ɗan wasa ke gudu ko faɗuwa da ita. Waɗannan sai gidan gwanjo, kuma takardun shaidar hannun da ta bi su ne rabin kuɗinta. Ko ita wadda aka sayar a 2022, bayan an gama fim an mayar da bindigogin gidan haya ne aka kwance kwalliyarsu, sai bayan shekaru aka sake harhaɗa ta, shi ya sa masana kayan fim suka yi ta muhawara kan wane sashe ne na asali. Akwai kwafi mai lasisi, irin wanda kamfanin Master Replicas ya yi a farkon shekarun 2000, kowace da lambarta da takardarta. Akwai wadda masu sha'awa ke haɗawa da kansu, su sayi Mauser ta ado marar harbi daga kamfanin Denix na Sifen su ɗora mata sassa, ko su fitar da ita da na'urar da ke ƙera siffa da narkakkiyar roba. A ƙasa kuma akwai ta wasan yara. Kowacce halal ce a matsayinta. Mai sayarwa a intanet da ya ce yana da ta asali a kan kuɗin buhun gero, ka san tatsuniya ce, domin araha ba ta ado.

Ƙa'ida ta biyu ta fi nauyi, kuma wani ɗan ƙasarmu ya riga ya hango ta. Marigayi Mustafa Alhassan, ɗaya daga cikin iyayen sinimar Nijar, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi fim a 1966 mai suna Le retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne, Jimi, da ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, takalma, ɗamara da bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sabon suna, Zalika Sule ta zama Sarauniya Kiristin. Abin da ya fara a matsayin wasa sai ya koma sata da duka da raina dattawa, har aka kai ga zubar da jini. Mustafa bai tsani fim ɗin kaboyi ba, da ya tsane shi da bai yi nasa ba. Abin da ya nuna shi ne kayan wasa ma suna da halin da suke sa wa mai riƙe da su. Kowa ya san Adar ƙasar 'yan ci-rani ce. Daga Tamaske da Buza da ƙauyukan Keita samari na tafiya Kano da Legas da Abijan da Libiya, kuma cikin tsarabar sallah da suke kawo wa ƙanne ba a rasa bindigar roba. Akwatin Jimi bai daina zuwa ba.

Bambancin 1966 da yau shi ne yanzu bindiga ta gaske tana yawo a dajinmu. Ƙauyukan kudancin Madawa da ke bakin iyaka da jihar Sakkwato sun sha satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, ƙaramar hukumar Bangi ta karɓi 'yan gudun hijira daga Najeriya. A arewacin jihar Tawa kuma, harin Tilliya na watan Maris 2021 ya ci rayuka 137 a ƙidayar gwamnati. A irin wannan hali, jandarma ko sojan da ke shingen bincike da magariba ba shi da lokacin tantance Denix da Mauser. Ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan sha'awa ma sun ɗaure ta da doka. Amurka tun 1988 ta wajabta sa alama mai ruwan lemo a bakin bindigar wasa, Ingila kuma a dokar 2006 ta taƙaita sayarwa da shigo da kwaikwayon da ya yi kama da na gaske ƙwarai. Idan haka suke yi a inda ake da zaman lafiya, mu da ke kwana da kunne ɗaya fa? Rigakafi ya fi magani. Wanda ya nace sai ya mallaka, ya nemi izinin hukuma da bayanin kwastan kafin ya yi oda, ya zaɓi wadda ko daga nesa an san ta fim ce, mai launi ko siffar da ba ta kama da makamin soja, ya ajiye ta cikin akwatin gilashi, kada ta fita ƙofar gida, kada kuma ta shiga hoton Facebook ko TikTok. Abin takaici ga mai son Han Solo shi ne tasa tana cikin waɗanda suka fi kama da ta gaske, tun da dama ta gasken ce.

Da ni za a tambaya, zan ce kuɗin da za a aika Turai a sayo kwafin makamin Jamus ya fi amfani a hannun maƙerin Azarori ko na kasuwar Madawa. Ya buga maka takobi da kubensa na jan fata da kore, ko kan mashi irin na mahayan da, ya faɗa maka gaskiya cewa bana ya yi shi, ka rubuta sunansa da garinsu da shekarar a takarda ka ajiye tare da kayan. Abin da ya ɗaga bindigar 2022 zuwa dala miliyan ɗaya ba ƙarfenta ba ne, labarinta ne da shaidar da ta biyo shi. Mu labarin muna da shi, na Galma da Ƙonni da Lugu, har Med Hondo ya yi fim ɗin Sarauniya a 1986 ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Shaidar ce muke sakaci da ita. Tsofaffin takubba da sulke da bindigogin toka na 'yan bindigar sarki suna nan a zauruka da ɗakunan tsofaffi a Keita da Buza, tsatsa na ci, wasu kuma dillalai sun kwashe a kan kuɗi kaɗan. Mai sha'awar tarawa na gaskiya a Adar zai fara da zuwa wajen dattijon gidansu da alƙalami da waya, ya ɗauki hoton abin da ya rage, ya tambayi wa ya riƙe shi da kuma a wane yaƙi, tun dattijon yana da rai.