Yadda bakod ya sauko daga manyan kantuna zuwa Excel

Zanen baƙaƙen layukan nan da ke jikin kwalin magani da robar lemo, wato bakod, saura ƙiris ya zama da'ira. A takardar mallakar fasahar da Norman Woodland da Bernard Silver suka samu a Amurka a 1952, akwai zanen zobe cikin zobe, don na'ura ta karanta shi ta kowace fuska.

Injin ɗab'i ne ya ƙi ba da haɗin kai. Da kamfanin RCA ya gwada da'irar a wani kantin Kroger a birnin Sinsinati a 1972, sai tawada ta riƙa dagula zobban, na'ura ta kasa karantawa. George Laurer na IBM ya kawo layuka a tsaye: ko tawadar ta ja, tsawon layi kawai za ta ƙara, faɗinsa na nan. Ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara sayar da kaya da wannan tsari na UPC, ƙunshin cingam na Wrigley's, a kantin Marsh da ke garin Troy a jihar Ohayo.

Sai dai UPC lambobi ne zalla, kuma sai kamfani ya yi rajista. Wanda ya yi wa ƙananan 'yan kasuwa rana shi ne Code 39, da David Allais da Ray Stevens na Intermec suka ƙirƙiro a wannan shekarar ta 1974. Kowane harafi yana da zanensa, layuka biyar da gibi huɗu, uku daga cikin taran masu faɗi, kuma bai dogara da maƙwabcinsa ba. Shi ya sa aka iya mayar da shi salon rubutu na kwamfuta, musamman bayan tsarin salon rubutu na TrueType ya shiga Windows a 1992.

Yanzu mai kula da sito zai jera lambobin kayansa a Excel, ya sa alamar tauraro gaba da bayan kowace lamba, ya sauya salon rubutun zuwa na Code 39, ya tura wa firinta. In ya mance tauraron, zanen zai fito tsaf, amma sikana ko ƙyas ba za ta ce ba, don ba ta san mafari da ƙarshe ba. Haka nan in layin akwatin Excel ya matse zanen, bai bar masa farin fili hagu da dama ba. Code 128 na 1981 ya fi cin bayanai a ƙaramin wuri, amma shi sai an lissafa masa lambar tantancewa tukuna.